Muhawara: Bututun ƙarfe da aka ɗura wa kankare, shin yana buƙatar kariya daga gobara?

Mai Duba Aiki: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Wata magana ce ta hana ni sukuni tun jiya, na ce bari in kawo ta gaban manya. Ina kula da aikin wani bene mai hawa takwas, ginshiƙansa bututun ƙarfe ne masu zagaye da aka ɗura wa kankare. A takardar zane an nuna ƙananan huji biyu a jikin kowane bututu a kowane hawa, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Jiya da na zagaya sai na tarar an bi an toshe su da walda a hawa uku na ƙasa, wai suna ɓata kyan ginshiƙi. Da na yi magana, ɗan kwangila ya ce hujin ba shi da amfani bayan kankare ya bushe. Ya kuma ƙara da cewa fentin kariya daga wuta da aka rubuta a shafa wa dogayen ginshiƙan zauren shiga ɓarnar kuɗi ne kawai, tunda wuta ba ta cin kankare. Zanen ya ce ginin ya jure gobara har minti 90. Ni dai hankalina bai kwanta ba, amma ba ni da hujjar da zan tsaya a kai. Don Allah masana ku haska mini.

Injiniya Mai Lissafin Gini: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kafin komai, gobe da safe ka rubuta wa injiniyan da ya yi zanen, ka sa a buɗe hujin nan. Ba ado ba ne. Kankare ko ya shekara ashirin yana riƙe da ruwa a jikinsa, wani a cikin ƙananan ƙofofinsa, wani ɗaure a cikin simintin kansa. Idan wuta ta gasa bututun, ruwan zai zama tururi, kuma ruwa idan ya zama tururi yana neman wurin da ya ninka nasa kusan sau 1,700. Bututu rufaffe ba shi da inda zai kai shi. Sai ya kumbura ko ya tsage, a daidai lokacin da ƙarfen ya riga ya yi laushi. Ƙa'idar Turai ta ginin ƙarfe da kankare a gobara, EN 1994-1-2, ta faɗa ƙarara: huji kada ya gaza milimita 20, aƙalla ɗaya sama ɗaya ƙasa a kowane hawa, kuma tazarar da ke tsakaninsu kada ta wuce mita 5. Maganar fenti kuwa, sai ka faɗa mana kaurin ginshiƙan, da tsayinsu, da ko akwai rodi a ciki.

Mai Walda: Injiniya, ki yi haƙuri in sa baki, don ni ma an taɓa sa ni irin wannan aikin. Abin da aka ce mana shi ne ruwan sama da laima suna shiga ta hujin su sa tsatsa daga ciki. To wanne za mu ɗauka?

Injiniya Mai Lissafin Gini: Malam, damuwarka tana kan hanya, amma maganinta ba walda ba ne. Ana sa ɗan marfin roba wanda zai narke ko ya fita da kansa idan zafi ya zo. Ƙarfen da ke manne da kankare daga ciki ma ba ya saurin tsatsa, siminti yana kare shi. Abin da ba a so shi ne a toshe da abin da ba zai ba da hanya ba ranar gobara, ko a bi da filasta a rufe.

Mai Duba Aiki: Manyan ginshiƙan faɗinsu milimita 406, akwai kejin rodi a ciki. Na zauren shiga guda huɗu ne, milimita 219, tsayinsu mita 6, kankare zalla babu rodi. Su ne aka ce a yi wa fenti.

Tsohon Magini: Ɗana, ka ji abin da ya sa ni har yau ban gamsu da wannan salon ba. Mu da muka koyi aiki, idan an ce fila ta ƙarfe da kankare, ƙarfen ne a tsakiya, mai siffar H, a ɗaura rodi a kewaye, a kafa katako, a zuba kankare ya lulluɓe shi ruf. Wuta ta zo, da kankare za ta fara haɗuwa. Yanzu an juya riga, an fito da ƙarfe waje an ɓoye kankare a ciki. Wanda ke tsoron wuta shi aka tura gaba, wanda ba ya tsoro aka ɓoye. Ta ina wannan zai yi daidai? Ban yi karatun lissafi ba, amma na ga yadda rodi ke lanƙwashewa a hannun maƙeri idan ya yi ja.

Injiniya Mai Lissafin Gini: Baba, abin da kuka gani a maƙera shi ne ainihin maganar, kuma lissafi bai saɓa muku ba. Ƙarfen gini yana riƙe da ƙarfinsa har wajen digiri 400 a ma'aunin Salshiyas. A digiri 500 saura kashi 78 cikin ɗari, a 600 saura kashi 47, a 700 kashi 23, a 800 kashi 11 kacal. Taurinsa kuwa, wato ƙin lanƙwasa, ya fi saurin tafiya: a digiri 600 bai kai kashi ɗaya bisa uku ba. Bututun da ke waje babu rufi, cikin rabin awa ya shiga wannan halin.

Amma ku duba abin da ke faruwa a tanderun gwaji, don an gwada irin waɗannan ginshiƙan da yawa, musamman a cibiyar bincike ta ƙasar Kanada a shekarun 1980 da 1990, inda T. T. Lie da Venkatesh Kodur suka yi aiki a kai. Da farko ƙarfen ne ke fara zafi, sai ya miƙe ya fi kankaren tsayi, ya ɗauke nauyin duka shi kaɗai. Ana ganin kan ginshiƙin yana ɗagawa sama. Bayan minti 20 zuwa 30 sai ƙarfen ya gaji, ya ɗan tattare a wani wuri, kan ginshiƙin ya sauko da sauri har ya zauna a kan kankaren ciki. Daga nan kankare ya karɓi kaya. Shi kuma zafi ba ya ratsa shi da wuri, don ƙarfe ya fi shi isar da zafi fiye da sau ashirin, ga ruwan jikinsa yana shanye wani zafin kafin ya ƙafe. Gefensa na ƙonewa, tsakiyarsa tana nan da sauran sanyi. Bututun kuma, duk da ya daina ɗaukar nauyi, bai zama banza ba: yana riƙe da kankaren kada ya ɓantare, yana kuma tare harshen wuta kada ya taɓa shi kai tsaye. Karɓa-karɓa suke yi.

Saboda haka tambayar da ake yi ita ce, idan ƙarfe ya sauke kaya, abin da ke ciki zai iya ɗauka shi kaɗai? A nan girma da rodi suke shigowa.

Ɗalibar Injiniyanci: Yaya Injiniya, bari in kawo abin da ke jadawalin ƙa'idar da kika ambata, mun yi shi a aji kwanan nan. Don bututu ya kai minti 90 babu wani rufi, idan nauyin da ke kansa lokacin gobara bai wuce kashi 28 na abin da zai iya ɗauka ba, ana so faɗinsa ya kai milimita 220, rodi ya kai kashi 3 na kankaren. Idan nauyin ya kai kashi 47, faɗin sai ya kai milimita 400, rodi kashi 6. Kankare zalla babu rodi, minti 30 kawai jadawalin ya ba shi. Ke nan na zauren shigar nan ba su ma shiga layin ba.

Injiniya Mai Lissafin Gini: Madalla ƙanwata, haka yake. Jadawalin yana da taka-tsantsan, wani lokaci lissafi mai zurfi ko gwaji yakan ba da fiye da haka, musamman a gajeren ginshiƙi mai kauri. Amma siririn ginshiƙi mai mita 6 ba murƙushewa yake yi ba, lanƙwashewa yake yi. Da zarar ya ɗan karkata, gefe ɗaya na kankaren zai shiga ja, kankare kuma ba ya jure ja sai da rodi. Bututun da ke masa wannan aikin a ranar lafiya ya riga ya yi laushi. Irin wannan yakan faɗi tun a lokacin karɓar kayan, bai ma kai ga cin moriyar kankaren ba. Wanda ya yi zanen ya san abin da yake yi da ya rubuta musu fenti. Kuma Mai Duba Aiki, ka lura, mita 6 ya wuce tazarar mita 5, sai ka tambaya ko akwai huji na uku a tsakiya.

Tsohon Magini: To 'yata, ai kin dawo kan maganata. Da an lulluɓe ƙarfen da kankare, da duk wannan fenti da huji ba su taso ba.

Injiniya Mai Lissafin Gini: Baba, ta fuskar gobara kaɗai, na ba ku gaskiya, lulluɓaɓɓen ya fi. Ginshiƙi mai faɗin milimita 300 da kankare milimita 75 a kan ƙarfen, jadawali ya ba shi awa biyu. Sai dai shi ma yana da nasa ciwon. Kankaren da ke waje babu abin da ya riƙe shi, idan tururi ya taru a cikinsa sai ya riƙa fashewa yana ɓantarewa, ɓawo bayan ɓawo, har rodi da ƙarfe su fito fili. Abin mamaki, kankare mai ƙarfi sosai ya fi yin haka, saboda ya matse, ba ƙofar da tururi zai bi. Gobarar 1996 a ramin jirgin ƙasa da ya haɗa Ingila da Faransa ta ƙarƙashin teku ta nuna wannan, a wasu wurare kusan duk kaurin bangon ramin ya zube. Shi ya sa yanzu ake zuba zaren roba siriri a cikin irin wannan kankaren, kimanin kilo 2 a kowace mita kubik. Zaren yana narkewa a wajen digiri 160 zuwa 170, ya bar hanyoyin da tururi zai fita. Ana kuma sa ragar ƙarfe kusa da fuska don ta riƙe ɓawon.

Bututu kuma yana da abin da ya sa ake son sa: shi ne katakon zubi, shi ne rodin waje, yana matse kankaren ya ƙara masa ƙarfi, ga shi ba ya cin wuri. Manyan ginshiƙai takwas na benen Taipei 101 akwatunan ƙarfe ne da aka cika da kankare har hawa na 62.

Tsohon Magini: Na ji, na kuma ƙaru da maganar zaren. Amma akwai abin da takarda ba ta gani. Idan na zuba fila na cire katako, idona zai nuna mini inda kankare bai cika ba, in gyara. A cikin bututu wa ke gani? Na taɓa ƙwanƙwasa wani da guduma na ji yana amsawa kamar ganga, a daidai ƙarƙashin inda bim, wato ƙarfen kwance mai ɗauke da daɓe, ya shiga. Kejin rodi ya tare tsakuwa, aka bar kogo. Ranar da ƙarfe zai miƙa wa kankare kaya, idan kogo ya tarar fa?

Injiniya Mai Lissafin Gini: Wannan ba ni da abin cewa sai dai in ce Allah ya ƙara girma, Baba. Duk lissafin da na kawo ya ginu ne a kan cewa bututun cike yake. Shi ya sa ake tura kankaren da famfo daga ƙasa ya hau sama, ko a yi amfani da mai kwarara da kansa wanda ba ya buƙatar girgiza, a kuma rage girman tsakuwa. Mai Duba Aiki, ka ɗauki gudumar Baba ka zagaya, inda ka ji shakka a kawo na'urar sauti ta duba.

Ɗalibar Injiniyanci: Nau'in tsakuwar ma yana da tasiri, ko? An ce mana mai yawan ƙanƙarar dutse tana kumbura farat ɗaya a digiri 573, ta tsattsaga kankare, ta farar ƙasa kuwa ta fi haƙuri.

Injiniya Mai Lissafin Gini: Haka ne. Dutsen farar ƙasa sai ya haura digiri 700 yake fara ruɓewa, kuma ruɓewar tasa ma shan zafi take yi. A gwaje-gwajen Kanada ya fi daɗewa. Wannan ma amsa ce ga mai cewa wuta ba ta cin kankare. Ba ya kamawa da wuta, gaskiya ne, amma a digiri 600 kankare mai ƙanƙarar dutse ya rasa fiye da rabin ƙarfinsa.

Ɗan Kwana-kwana: Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. Mu ne ke shiga ƙarƙashin abin da kuke ginawa lokacin da kowa ke gudu waje, saboda haka ina da roƙo. Ku daina faɗa wa masu gini cewa minti 90 na nufin ginin zai tsaya awa ɗaya da rabi a kowace gobara. Wannan lambar daga tanderu ta fito, inda zafi ke hawa bisa layin ƙa'idar gwajin gobara ta duniya, ISO 834: digiri 842 a minti 30, 945 a awa ɗaya, 1,006 a minti 90, 1,049 a awa biyu. Ginshiƙi ɗaya ne, sabo, zafi ya kewaye shi daidai wa daida. Gobarar gaske ba ta karanta wannan layin ba. Ɗaki mai cike da katifu da kayan roba, taga ta fashe iska ta shiga, zai iya wuce wannan zafin cikin minti kaɗan. Wata kuma tana cin gefe ɗaya na ginshiƙi ta bar ɗayan, sai ya lanƙwasa.

Abin da ya fi tsorata ni shi ne bayan wuta ta lafa. Zafin da kankare ya sha yana ci gaba da kutsawa tsakiya ko da waje ya fara hucewa, kuma kankare ba ya dawo da ƙarfinsa idan ya huce. A daidai lokacin ne muke ciki muna neman mutane. A Gretzenbach ta ƙasar Siwizalan, a 2004, rufin wani garejin ƙarƙashin ƙasa ya rufto a daidai mahaɗarsa da ginshiƙai, 'yan kwana-kwana bakwai suka rasu, alhali gobarar ba wata babba ba ce. Benen Plasco na Tehran, mai ƙashin ƙarfe, ya rushe a Janairun 2017 da 'yan kwana-kwana a ciki. Idan na ji ana jayayya a kan fenti don rage kashe kuɗi, waɗannan nake tunawa.

Mai Walda: Allah ya jiƙansu. Ranka ya daɗe, ashe gobara tana narkar da ƙarfen gini ke nan?

Ɗan Kwana-kwana: A'a Malam, ba ta kai nan. Ƙarfe sai wajen digiri 1,500 yake narkewa. Ba ya buƙatar narkewa kafin ya faɗi, laushi kawai ya isa, kamar yadda Injiniya ta lissafa.

Injiniya Mai Lissafin Gini: Na gode Yallaɓai, na karɓi gyaran. Lambar ma'auni ce ta kwatanta wannan da wancan, ba alkawari ba ce. Kuma tarihi ya nuna ginshiƙi ba a wasa da shi kamar yadda wani lokaci ake sassauta wa bim. A Cardington ta Ingila, an gina bene mai hawa takwas na ƙarfe da kankare, tsakanin 1995 da 1996 aka riƙa cinna masa wuta da gangan. Bim ɗin da ba su da rufi sun haura digiri 1,000, sun lotsa sosai, amma daɓen kankaren da ke kansu ya rataye ya riƙe su. A gwajin da aka bar ɗan guntun saman ginshiƙi babu rufi kuwa, wurin ya murƙushe, ginshiƙin ya rage tsayi da kimanin milimita 180, duk hawan da ke samansa suka sauko tare da shi. Bim idan ya gaza, ɗaki ɗaya ya shafa. Ginshiƙi idan ya gaza, duk abin da ke kansa har rufi ya shafa.

Kafin nan, a gobarar Broadgate ta Landan a 1990, ginin ana cikin aikinsa ba a gama sa wa ƙarfe rufi ba, manyan ginshiƙai masu kauri sun tsira, sirara kuma suka tattare har kusan milimita 100. Benen Windsor na Madrid a Fabrairun 2005 ma haka: ginshiƙan ƙarfe na gefe da ke sama da hawa na 17, waɗanda ba a kai ga rufe su ba, sun zube, cibiyar ginin ta kankare ta tsaya. Kullum sirara marasa kariya ne ke fara tafiya, kuma irinsu ne guda huɗun da ɗan kwangila ke son a bari tsirara.

Ɗalibar Injiniyanci: Yaya, fentin kansa ya yake aiki? A ido kamar fenti ne kawai.

Injiniya Mai Lissafin Gini: Idan zafi ya kai wajen digiri 200 zuwa 250 sai ya kumbura ya zama kumfa mai kama da gawayi, ya ninka kaurinsa sau da dama, ya shiga tsakanin wuta da ƙarfe. Amma sai an shafa shi daidai kaurin da aka lissafa wa wannan bututun, a auna da na'ura bayan ya bushe, ba a ƙiyasta da ido ba. Sai an bar masa sarari kuma. Na sha ganin an yi fentin da kyau, daga baya aka zo aka manna allon ado a jikinsa, ba inda zai kumbura. Kuma kada fentin ya rufe hujin tururi.

Tsohon Magini: Na taɓa jin akwai inda ruwa suka cika wa bututun maimakon kankare. Gaskiya ne?

Injiniya Mai Lissafin Gini: Gaskiya ne Baba. Benen kamfanin U.S. Steel a Pittsburgh ta Amurka, mai hawa 64, ginshiƙansa na waje ruwa ne a ciki haɗe da maganin daskarewa, don ruwan ya kwashe zafi. Dabara ce mai kyau, amma tana buƙatar tankuna da kulawa har ƙarshen rayuwar gini, shi ya sa ba ta yaɗu ba.

Mai Duba Aiki: Jama'a, ga inda aka kwana. Na rubuta wa injiniyan zane kamar yadda aka ba ni shawara, na haɗa da hotuna. Ya zo da kansa yau. Ya ba da umarni a rubuce a sake huda duk inda aka toshe, a ƙara huji na tsakiya a dogayen guda huɗu, fenti kuma yana nan daram, za a auna kaurinsa a gabana. Ɗan kwangila bai ji daɗi ba, amma ya sa hannu. Na kuma zagaya da guduma kamar yadda Baba ya ce. Biyu a hawa na biyu sun amsa mini da wata irin murya a ƙarƙashin mahaɗar bim, na yi musu alama da jan alli.

Tsohon Magini: Allah ya yi maka albarka ɗana. Kada ka bari a ƙara ɗora wani hawa a kan waɗannan biyun sai an duba cikinsu.

Injiniya Mai Lissafin Gini: Idan an kawo na'urar, ka ce a fara daga taƙi biyu ƙasa da farantin mahaɗar a hau sama, nan ne iska ta fi maƙalewa. In an sami kogo, ana huda ƙaramin rami a tura ruwan siminti da matsi har ya fito ta na sama. Ka turo mana hoton abin da aka gani.